Hajiya, Ordinatar Kawu Idi

Na daɗe ina juya wannan magana kafin in ɗauki biro. Ni aji shida na tsaya a lakwal, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai zama giba a kan mamaci. Sai da na tambayi liman har sau biyu, ya ce ba laifi, sannan na zauna. In na yi kuskure ku yafe mini.

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a shagon Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, bayan tashar Konni, ya san ba a fara aiki sai an gaida Hajiya. Hajiya ita ce ordinatarsa, wato kwamfutarsa. Kullum da safe zai yaye mata zanen da yake rufe ta da shi, ya danna, ya ce, "Hajiya, an tashi lahiya?" Kafin ta gama farkawa ya dafa shayi ya sha zubi biyu.

Tsarin da ke cikinta tsoho ne ƙwarai, har waɗanda suka yi shi sun daina kula da shi. Kowa ya ce ya canja. Ina! Sai dai ya buɗe cikinsa ya yi ta ƙari da kwaskwarima, yana rubuta komai a wani kaye, ɗan littafin rubutu mai koren bango. Duk abin zamanin da ta ƙi karɓa, maganarsa ɗaya ce: "Ba ta ƙiya ba, ba su san juna ba na."

Da injin buga takardarsa ya mutu, ya sayo sabo, Hajiya ta yi kamar ba ta gan shi ba. Kwana huɗu Kawu yana fama. Ran na biyar sai ga takarda ta fito.

Na ce, "Kawu, yaya ka yi?"

"Sunan marigayin nis sa mishi. Ta ɗauka shi na ya dawo."

Hankalina ya tashi. Na ce, "To wannan ba yaudara ba ce?"

Ya dube ni ya ce, "Sarkin tsoro! Tahi ka gaya mata gaskiya, ka ga in za mu ci tuwo yau."

Wata rana wani mai gyara ya tsallako daga Najeriya, ya ce cikin awa ɗaya zai goge komai ya zuba sabon tsari. Kawu ya ba shi kujera, ya ba shi shayi, sannan ya ce, "Yaro, kana da kaka?" Ya ce yana da ita. "In ta kasa tauna nama, musanya ta kukai ko kuwa daka mata kukai?" Mutumin ya shanye shayinsa ya hau kabu-kabu.

Haka ya koya mata karɓar hoto daga waya, ya koya mata ƙa da ɗa da ɓa masu ƙugiya, don ya ce ba za a ɓata sunan mutanen garin Alela a shagonsa ba. Amma duk ƙarin da ya yi sai tashinta ya daɗa wuya. Daga baya sai an danna wasu maɓallai bi da bi kafin ta buɗe, kuma shi kaɗai ya san jerin.

Ni ke yi masa fotokofi, kuma sau nawa ya ce, "Sanusi, jawo kujera ka koya." Ni kuwa sai in ce ina tsoron in ɓata. Ya ce, "Ɓata mana, ina nan zan gyara." Ban taɓa jawo kujerar ba. Wannan shi ke cina.

Da ya rasu bara, ni na tattara tufafinsa aka raba sadaka ranar addu'ar bakwai. Don gudun kada in ga abin da ba a ce in gani ba, ban laluba aljihu ko ɗaya ba. Sai bayan mako na tuna kayen nan a aljihun shuɗiyar rigarsa yake kwana.

Yanzu Inna Rabi, wata gwauruwa daga Dogarawa, sau uku tana zuwa. Gara ta cinye takardar gonar da mijinta ya saya, wani kuma ya taso yana cewa aro ne. Kawu ne ya buga takardar, ya kuma ajiye hotonta da sa hannun shaidu a cikin Hajiya. Damina na matsowa. Kullum ina yaye zanen, in gaida ta, in danna, sai ta tsaya tana kallona da baƙin allo. Masu gyara sun ce a buɗe cikinta a ciro hoton takardar, ni kuma tsoro ya hana ni yarda.

Allah Ya jiƙan Kawu Idi, Ya karɓe shi yadda ya riƙa karɓar tsofaffin abubuwa, ba tare da ya yar da ko ɗaya ba.

Don Allah, wanda ya sami shuɗiyar riga mai ɗinkin faci a kafaɗar hagu, ya duba aljihu. Ya riƙe rigar, ta zama tasa, halal. Kayen kawai Inna Rabi ke jira. Wanda kuma ya taɓa lura da maɓallan da Kawu ke dannawa, ko biyu ya riƙe, ya zo shago ya faɗa mini. Na riga na jawo kujerar.