Tsaron da Sodangi Yake Yi

Sodangi ɗan Zurmi ne, autan Inna Hamida mai ƙosai. Tun yana ƙarami, in rediyo ya yi shiru a unguwa, shi ake kai wa ya sa shi magana. Ya yi karatu a Ƙauran Namoda, daga nan aikin kwamfuta ya ja shi Abuja.

Da ya samu aikin ya kira ta cike da murna.

"Inna, an ɗauke ni, a sashen tsaro!"

A Zurmi, in an ce tsaro, daji ake nufi, da bindiga. Inna ta sauke kasko, ta daina suya. Ta aika masa cewa in yana neman albarkarta ya ajiye aikin nan ya dawo gida. Sodangi kuwa bai taɓa ƙetare maganarta ba.

Ya iso ranar kasuwa, ya durƙusa a gabanta. Ta shafa kafaɗunsa tana neman tabo.

"Ina bindigar, ɗan nema?"

"Inna, ko gora ban da ita."

"To mi kaka tsaro?"

Ya gyara zama. Ya ce akwai babbar kwamfuta da ake rabawa ta zama ƙanana da yawa, kamar gidan haya, kowa da ɗakinsa: wannan na asibiti, wancan na makaranta. Akwai kuma manhajar da ke kula da ɗakunan duka, su a wurin aiki suna ce mata maigida. In ɓarayi suka shawo kan maigida, sai su leƙa kowane ɗaki.

"Aikina shi ne in rufe kayan kowa da makullin da ke can cikin ƙarfen na'urar. Maigida zai ba da wuri, ya ba da wuta, amma in ya leƙa, ba abin da zai gane."

Sai dariya ta ƙwace wa Inna har ɗankwalinta ya zame.

"Wato ɓoye ma maigida kaya? Don wanga aka biyanka? Yaro, tun ba a haihe ka ba nika wanga aiki! Tambayi babanka in ya taɓa sanin inda nika aje daddawata."

Malam Muhtari, mahaifinsa, ya yi gyaran murya daga zaure.

"Ina jinku dai."

Ta mayar da kasko kan wuta, mai ya soma waƙa.

"Koma aikinka, auta. Allah shi yi albarka. In ya gagare ku, ku aiko a ɗauke ni."