Gorar Ruwan Malama Rediyo

Yayarmu ta daɗe tana koyarwa a firamare, yanzu ajin 'yan shekara goma take riƙe da shi. Yara suna kiranta Malama Rediyo a bayan idonta, mu kuwa a gida a gabanta muke faɗa. In ta fara magana, sai dai ka nemi wurin zama.

Da furfura ta fara leƙo mata, ta koma jami'a neman digiri na biyu. Bincikenta a kan dalilin da ya sa yara ba sa tambaya a aji ne. Aka ce ba alƙaluma za ta tara ba, daga bakin yaran za ta ji: ta yi hira da su ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaukar muryarsu a waya. Ta ce wannan ai kamar shan ruwa ne.

Ta kai wa malamin da ke duba aikinta hirarrakin da ta ɗauka. Ya saurara, ya cire tabarau.

"Malama, da wa aka yi hirar nan? Ke ke tambaya, ke ke amsawa. Yaron 'Eh, Malama' kawai ya ce."

Ya gaya mata in ba ta kawo muryar yaran kafin ƙarshen zango ba, sai ta maimaita shekara.

Ta dawo gida tana faɗa, ta kunna mini hirarrakin wai in yi alƙalanci. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma ta ba ni tausayi, domin na ga idonta ya yi ja.

"Yaya, hali zanen dutse ne," na ce.

"Dutsen ma ai ana fasa shi," in ji ta.

Ta daina kiran yaran ofis, inda suka saba shiga in sun yi laifi. Ta koma baranda, kan ɗan bencinsu, gwiwoyinta har ƙirji. Ta kuma riƙa zuwa da gorar ruwa. Da ta yi tambaya sai ta kurɓa, ta riƙe ruwan a baki.

Wata rana ta yi wa wata yarinya 'yar ajinta tambayar, ta kurɓi ruwa. Yarinyar ta daɗe tana wasa da igiyar jakarta. Can ta ce, "In na fara tambaya, kafin in ƙarasa an amsa mini wata daban." Yaya ta so ta ce wane malami ne, amma bakinta cike yake. Yarinyar ta ƙara da cewa, "Ke ma haka kike yi, Malama."

Yaya ta ce da ƙyar ruwan ya wuce mata.

Aikin ya karɓu, ba ta maimaita shekara ba, kuma har yau gorar tana kan teburinta a aji. Rannan muna ninke wanki a falo ta dube ni.

"Ƙanwata, yaushe rabon da ki ba ni labarinki?"

Na buɗe baki na tsaya, ina jiran ta amsa da kanta kamar kullum. Sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauki kofin ruwa.