Badukun Lungunmu

Mahaifina muhuti ne a zauren alƙali, nan cikin birnin Sakkwato. A tsawon aikinsa an kawo maza kaɗan da aka kama da ɓata ƙananan yara, kuma kowannensu sai da mahaifina ya nemi izinin zama da shi kafin hukunci. Yakan tambaye su yadda suka tashi, yadda suka zaɓi yaron, da abin da suke gaya wa kansu bayan sun aikata. Ya rubuta amsoshin da ajami, ya adana a gafaka. Malamai 'yan'uwansa ba su so wannan ba. Har raɗe-raɗi aka yi cewa mai tsoron Allah ba ya son jin irin wannan ƙazanta.

Ni ke dafa masa tawada tun ina budurwa, don haka na ji wasu abubuwan. Abin da ya fi damunsa shi ne babu mahaukaci ko baƙo a cikinsu. Duk mutanen da unguwa ta yarda da su ne, masu haƙuri da kyauta.

Bayan na yi aure kusa da Ƙofar Rini, ɗiyata ta fari ta kai shekara bakwai. A bakin lungunmu akwai wani baduku, dattijo, mai aikin jar fata wanda ake yabo har Gwandu. Ba ya rasa sahun farko a masallaci. Yara na taruwa a zaurensa yana ba su dabino da guntayen fata. Ban ga aibu ba, sai ranar da ɗiyata ta shigo da ɗan takalmi ja da ya ɗinka mata daidai ƙafarta. Na tambaye ta yaushe ya auna. Ta ce ranar da sauran suka tafi ya ce ta tsaya, kuma ya ce kada ta faɗa, don kar su yi kishi.

Na duba ta, na yi ta tambaya a hankali ina tsefe mata kai. Ba ta faɗi wani abu ba bayan wannan. Amma na tuna ɗiyar maƙwabciyarmu, wadda da kullum tana zauren, yanzu sai ta zagaya ta bayan masallaci in an aike ta.

Maigidana ya ce in ji tsoron Allah, kada in ɗauki alhakin mutumin da ya yi mana ɗinkin sirdi bai karɓi komai ba. Washegari na tafi wajen mahaifina. Ya saurara, ya tambaye ni abu biyu: ko yarinya ɗaya yake warewa, ko yana sa ta ɓoye magana. Na ce duka.

"Wanga ba shaida ba ta gaban alƙali," in ji shi. "Kada ki kira sunanai da abin da ba ki gani ba. Amma hana ɗiyarki zuwa, ba ki bukatar alƙali."

Na mayar da takalmin ta hannun maigidana, bayan mun kwana biyu ba ma magana. Maƙwabciyata kuwa na gaya mata abin da ɗiyata ta faɗa, ban ƙara ko kalma ba. Ta juya ga tukunya, ta ce tuwonta zai ƙone. Amma cikin mako guda babu yarinyar lungun da ke tsayawa a zauren.

Badukun bai taɓa tambayar dalili ba, kuma wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Ya ci gaba da gaisawa da maigidana da fara'a. Da damina ta wuce ya kwashe kayan aikinsa ya koma Wurno, wai can fata ta fi araha.

Har yau ban san ko na zalunce shi ba. Na roƙi mahaifina ya aika wa alƙalin Wurno takarda. Ya yi kwana uku yana tunani, ya ce ba shi da abin rubutawa. Ni dai na sa wata mai sayar da fura da ke zuwa can ta gaya wa matan lungun da badukun ya sauka maganar takalmin.