Ranar da na ce wa albashi albarka

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na yi cinikin kaina kamar sa a kara ba, aka kuma bar ni da kayana a hannu.

Lokacin shekarata biyu kacal da gama karatun kwamfuta, ina wani ɗan shago a Garwa ina rubuta wa masu kemis da 'yan kasuwa ƙananan manhajoji. Amma a raina duk arewacin Kamaru babu kamata. Sai wani kamfanin da ke jigilar kaya tsakanin Garwa da Kuseri ya nemi babban injiniyan manhaja, wanda zai riƙe mutum huɗu. Na nema, na ci jarrabawarsu da ƙyar, suka ce in zo ranar Talata a yi maganar albashi. Tun kafin Talatar na yi wa mai shagon sallama, har da 'yar baƙar magana a kai. Ganin hadari ya sa na yi wanka da kashi.

Ranar Litinin na je wurin Bappana, tsohon dillalin shanu, wanda ko kaza zai saya sai mai ita ya yi gumi. Ya saurare ni yana taunar goro, ya ce, "Ɗana, ciniki duk ɗaya ne. In sun taya, ka ce albarka. In sun ƙara, ka sake cewa albarka, ka juya ka tafi. Mai son kaya shi zai biyo ka."

Na haddace wannan kamar karatun allo.

Shugaban kamfanin dattijo ne mai sanyin murya, yana Faransanci yana haɗawa da Fulatanci. Ya faɗi albashin. Ya ninka abin da nake samu sau uku! Wallahi saura kaɗan in durƙusa in yi godiya, amma na ɗaure fuska na ce, "Albarka, patiron."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ɗan Garwa ne, ya san inda na samo kalmar. Ya yi murmushi ya ɗan ƙara wani abu, har da kuɗin man babur, sannan ya ce, "Yaro, iyakarmu ke nan. Mun san ba ka kai wannan kujera ba tukuna. So muke mu raine ka a kanta."

Mai hankali a nan zai miƙa hannu. Ni kuwa na rufe kwamfutata a hankali, na miƙe, na sake cewa albarka, na nufi ƙofa.

Ban taɓa tafiya mai nauyi irin wannan ba. A bakin ƙofa na tsaya gyara hula. A baranda na sunkuya ina gyara takalmin da ko igiya ba shi da ita, kunnena duk yana baya. Sai na ji ƙofa ta buɗe. Na ce a raina, yawwa, Bappa ya yi gaskiya. Sakatariya ce ta leƙo, ta wuce ni da ido, ta kira wata mata da ke zaune a benci da jaka a cinya. Daga baya na ji 'yar garin Kaele ce, shekararta takwas tana wannan aikin a Duwala, ta dawo gida saboda mahaifiyarta.

Duk da haka ban haƙura ba. Na tsaya ƙarƙashin darbejiyar ƙofar kamfanin cikin zafin nan na Garwa, rigata ta jiƙe sharkaf. Mai gadi ya gaji da kallona ya ce, "Malam, wani kake jira?"

Na ce, "A'a, kirana za a yi."

Ya ce, "To, Allah ya sa." Ya miƙo mini kujera. Wannan kujerar ta fi komai ƙona mini rai.

Da na ba Bappa labari, dariya ya yi har da hawaye. Ya ce, "Kai ɗana! Ni ba na cewa albarka sai na zagaya kara na tabbatar babu wani sa da ya fi nawa. Ka zagaya?"

Na ce ban zagaya ba.

Ya ce, "To maraƙi ka kai, ka yi masa kuɗin bijimi."

Mako uku ina zaune a gida, kunya ta hana ni bin layin tsohon shagona. Ƙarshe na koma kamfanin da hula a hannu. Suka ɗauke ni ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashin matar nan, a kan albashin da bai kai rabin wanda na ƙi ba. Ranar farko ta karanta aikina ta ce, "Ƙanena, wa ya koya maka wannan?" Na ji haushi, amma a hannunta na iya aikin da nake ci da shi yau.

Ban daina ciniki ba, kuma ba na ce wa kowa ya karɓi tayin farko. Abin da na koya shi ne, kafin ka juya wa mai saye baya, ka san nauyin kayanka da gaske, ka kuma duba wanda ke zaune a benci.