Pan Defu, Mai Lodin Yashi

Pan Defu bai taɓa yin wata sana'a ba in ba ɗaukar kaya ba. Yana saurayi ya bar ƙauyensu na cikin tsaunuka ya sauka birnin Chongqing da sandar gora da igiya, ya shiga sahun 'yan dako. A bakin kogi na san shi, nan muke jiran kaya tare. Gajere ne, mai kaurin wuya, kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar bayan bauna. Da masu kai saƙo a babur suka cika gari, sai muka wayi gari muna zaune a kan sandunanmu muna kallon juna. A lokacin mun riga mun fara furfura.

Wani ɗan kwangila, Maigida Hu, shi ya kwashe mu zuwa aikin jirgin ƙasa. Duk sabon layin da aka gina wa jirage masu gudun tsiya, ba a sa mutum a ciki sai an yi watanni ana gwada jirgin. Za a gwada shi ba kowa, a kuma gwada shi da nauyin mutane, buhunan yashi ne ke zama a madadinsu. Mu ne masu ɗora su a kan kujeru, mu ɗaure kowanne da ɗamara. Yau injiniyoyi su ce a cika jirgi, gobe su ce a rage rabi, jibi su ce a mai da komai ɓangare guda. Ba wanda ke gaya mana dalili, mu ma ba ma tambaya.

Defu yakan dafa buhu in ya gama ɗaure shi, ya ce mini, “Tsoho Luo, ka ga fasinjan kirki. Ba ya tofar da ɓawon gyaɗa, ba ya neman ruwan zafi.”

“Amma sai an goya shi zuwa kujerarsa,” in ce.

“To surukarka fa? Ita ma ai goya ta ake yi, ga surutu.”

Da farko muna dariya. Daga baya maganar ta zama kamar tari, ya faɗa, in amsa, kowa na kallon buhun gabansa.

Haka muka yi ta bin layi bayan layi. Ranar da za a buɗe layi, a kawo furanni da masu ganga, mu muna bayan babbar mota mun nufi wani lardin, da bargunanmu da kwanukanmu. Abincinmu taliya da barkono, wani lokaci shinkafa da ganye mai tsami. Matarsa Shulan tana ƙauye da gonar masara da alade ɗaya da uwarsa da ta daina gani. Sai bikin sabuwar shekara yake zuwa gida, wata shekarar ma ba ya samu, don a lokacin ne manya suka fi matsawa a gama gwaji. Gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura. Yakan naɗe ta da tsumma da safe, da yamma ya kwance ya shafa mata man zafi, ɗakin kwananmu duk ya ɗauki warin.

Ana nan sai aiki ya kai mu layin da ya bi ta kwarinsu. Dogon ya fito daga cikin wani dutse, ya haye wata doguwar gada a saman gonarsu, ya sake shigewa cikin wani dutsen. Ba a yi tasha a wurin ba. Garejin da muke lodi yana babban birni, tafiyar yini guda a mota daga ƙauyen, don haka kusancin bai amfane shi da komai ba.

Da aka zo gwajin birki, sai buhuna suka riƙa suɓucewa suna zubewa a ƙasa duk lokacin da aka taka da ƙarfi. Injiniya Shen, wata mata mai tabarau da kullum idonta ke ja don rashin barci, ta ce a ba ta mutum biyu su shiga jirgin su riƙa gyarawa. Maigida Hu ya nuna ni da Defu. Duk shekarun nan ba mu taɓa zama cikin jirgin yana tafiya ba.

Da muka tashi aiki ya kira matarsa, wadda yake kira da sunan 'yarsu Yan. Wayarsa irin mai ƙarar nan ce, duk ɗakin na ji.

“Uwar Yan, gobe zan wuce ta kanki.”

“Ta kaina kamar yaya? Giya ka sha?”

“A jirgi, ta kan gada. Ki fito gona ki tsaya da jan bargon nan, in gan ki.”

“Da wane lokaci?”

“Ba su faɗa ba. Da hantsi dai.”

“Alade fa, kai za ka ba shi abinci?” Sannan ta ce, “Wace taga?”

Ya ce ta hagu. Da ya ajiye wayar ya aro reza ya yi aski.

Washegari muka shiga tarago na tsakiya, mu biyu da buhuna. Jirgin ya tashi ba ƙara ba girgiza. Na ajiye kwalbar shayina a bakin taga, ko motsi ruwan bai yi ba, amma turakun waje sun zama kamar haƙoran matsefi. Muna shiga cikin duwatsu muna fita, duhu, haske, duhu, kunnuwa suna toshewa. Sai murya ta ce a riƙe da kyau, aka taka birki. Warin ƙonewa ya shigo, buhuna suka yi gaba, wasu suka faɗo. Muka tashi muka mai da su, muka ƙara ɗaurewa. Jirgin ya sake ɗaukar gudu, aka sake takawa. Kafin a yi na huɗu rigunanmu sun jiƙe, Defu yana jan ƙafa tsakanin kujeru.

Wani buhu ya fashe a ƙarƙashin kujera, Defu ya durƙusa yana tattara yashin da hannu kada ya shiga ramin iska. Yana nan a durƙushe haske ya buɗe. Na ga kore a can ƙasa, da rufin gidaje, da wani ɗigon ja.

“Yaya Pan, tashi, ga kwarinku.”

Ya dafa kujera, gwiwar ta ƙi. Kafin ya miƙe mun koma cikin duhu. Ya tsaya yana kallon fuskarsa a gilashi, hannunsa duk yashi.

“Ka gan ta?”

“Na ga wani abu ja.”

“Ita ce,” ya ce, ya koma ya ƙarasa kwashe yashin.

A dawowa, bayan rana ta karkata, ya ƙi zama. Ya manna goshi a taga tun da nisa, ya ce in buhu ya faɗi in ji da shi. Hasken ya zo ya wuce. Gonar ba kowa.

Muna isa gareji ya kira ta.

“Tun safe nake tsaye, rana ta gasa ni,” in ji Shulan. “Wani farin abu ya wuce, kafin in ɗaga bargo babu shi. Ga uwarka tana ta kirana.”

“Da na dawo ban gan ki ba.”

“Wa ya ce mini za ka dawo? Ka dai ga gidan?”

“Na gani.”

“To ka ga rufin gabas ya zube ke nan.”

Ya ce ya gani. Ya sa wayar a aljihu, muka hau sauke lodi, don Injiniya Shen ta ce gobe jirgi ba komai zai fita.

Da aka gama wannan layin, Maigida Hu ya kira shi gefe ya ba shi kwalin sigari, ya ce aiki na gaba a arewa ne, akwai sanyi, gwiwar ba za ta ɗauka ba. Defu bai yi musu ba. Ya naɗe bargonsa, ya bar mini ragowar man zafin, ya hau motar haya. Ni na yi layi biyu bayansa kafin bayana ya ce ya isa.

'Yarsa Yan, da ke aikin ɗinki a Guangzhou, ta taɓa saya masa tikitin jirgin don ya je ganin jika. Sai da ya yi rabin yini a mota kafin ya kai tasha mafi kusa. Na tambaye shi a waya yadda ya ji tafiyar, ya ce barci ya yi tun daga tashi har sauka.

Bara na je ƙauyen. Uwarsa ta rasu, an sayar da aladen. Na same shi a zaune a ƙofar gida, ƙafar a miƙe a kan kututture, yana ɓare masara. Shulan ta kawo mana shayi, ta nuna mini itacen girki da ke jingine a bango.

“Dubi ɗaurin da yake yi wa itace, Luo. Sai na sa wuƙa nake kwancewa. Igiya ta ƙare a gidan nan.”

“In ban ɗaure ba ki ce ba na komai,” ya ce.

Ya tura mini kwandon masarar da ƙafarsa mai lafiya. Muka yi ta ɓarewa har ta kira mu cin abinci.