Hajiya Kubura da Tabonta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni Farfesa, shugaban likitocin fiɗa na gida da waje, na ajiye wuƙa na ɗauki alƙalami domin sanar da rasuwar Hajiya Kubura ta Ƙofar Dumi, ranar Laraba, tara ga Sha'aban. Tsufa ne ya kai ta. Ciwon daji kam ta daɗe da sallamar shi.

Hajiya, ina tune da shekarar da kika ji ƙullutu a nono kamar ƙwayar gyaɗa. Maƙwabta suka ce kada ki je asibiti, yankewa za a yi. Kika tari keke kika tafi. Aka ce daji ne, amma ƙarami, kin zo da wuri: za a cire shi da ɗan naman da ke kewaye, a bar miki nonon, sannan ki je gashin na'ura. Kika ce wa likita, wato ni, "Yaro, bi a hankali, wannan ya shayar da iyayen wasu."

Tun daga nan biki da suna ba su ƙara zama lafiya ba. Ana tsakiyar rabon tuwo sai ki ja mace bayan labule, ki ce, "Ƙirga, biyu ne ko ɗaya?" Ki nuna tabon, ki koya mata lalube, in ta ji wani abu ki raka ta asibiti. Wadda ta makara aka cire mata duka, ke kika yi jinyarta, kina cewa rai ya fi.

Akwai wata a gidanki, ba zan kama suna ba. Ta nuna miki nata ƙullutun kina kwance, ta yi alkawarin zuwa asibiti, har yau tana ɓoyo. A matsayina na Farfesa na ce ta shirya.

Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ɗanta Baffa Modibbo da iyali haƙuri.

Gaskiya ɗaya ce. Babu wani Farfesa. Ni Ɗanlarai ne, jikanta, wanda take kira miji marar cefane, karatuna bai wuce allo ba. Na ari rigar likita ne don maganata ba ta da nauyi a gidan. Yaya, ke ce mai ɓoyon nan: matata Hajiya ta rasu, ta bar min ke wasiyya. Ran Litinin zan tsaya da keke a ƙofar gida, kuma ba zan daina hon ba sai kin fito.