Lallen Bayan Ɗakin Fatu

Fatu ta shigo Gwallaga amarya ne daga wata ruga ta wajen Liman Katagum, tun unguwar ba ta cushe haka ba. Mijinta Ladan baduku ne, gidansu kuma na ƙasa, da zaure da tsakar gida mai faɗi. Fura take damawa ta sayarwa, kuma duk layin sun shaide ta da hannu mai tsabta da ƙarancin magana.

Da cikinta na fari ya tsufa, iyayenta sun riga sun yi ƙaura da shanu can kudu, don haka a nan gidan ta haihu. Namiji ne. An yi suna, an yanka rago, amma bai kai arba'in ba zazzaɓi ya ɗauke shi ana tsakiyar damina. A wancan zamanin ba lallai a kai jariri irin wannan maƙabarta ba. Ladan da wansa suka haƙa a bayan ɗakinta suka sa shi.

Fatu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Haka aka tashe ta a gidansu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta kawo zancensa. Yana raye ma ba ta yi ba, balle ya tafi. Abin da ta yi kawai, ta samo reshen lalle ta dasa a wurin, kullum da safe ta share gindinsa ta zuba masa ruwa.

Daga baya ta haifi Modibbo, shi ne ya rayu. Ya taso ya ji a bakin mutane cewa yana da wa da ya rasu, amma ba wanda ya nuna masa inda yake. Wan Ladan ya rasu, Ladan ya bi shi, tsofaffin layin suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Aka wayi gari duk duniya Fatu kaɗai ta san abin da ke ƙarƙashin lallen nan.

Modibbo yana da 'ya, Zinariya, mai karatun zanen gine-gine a jami'a. A shekararta ta ƙarshe malamansu suka ce kowa ya zaɓi tsohon gida a unguwa mai cunkoso, ya zana yadda za a sake shi ya ɗauki mutane da yawa, iska da haske kuma su wadata. Zinariya ta zaɓi gidan kakanta. Ta yi ta yawo da igiyar awo daga zaure zuwa madafa, Fatu na zaune tana dama fura tana cewa tun da take ba ta taɓa ganin budurwa mai auna gidan mutane kamar tela ba. Zinariya ta ce ai tsohuwa ma za a auna ta, a yi mata ɗaki daidai tsawonta.

Yarinyar ba ta yi gaggawa ba. Ta bi kowa a gidan ta tambaye shi me yake so. Da ta zo kan Fatu, tsohuwar ta ce, "A bar mini lallena."

"Shi kenan, Kaka? Ba kya son taga babba?"

"Shi kenan."

Zinariya ta yi dariya ta ce lalle ai abu ne mai sauƙi, za a tanada mata shi.

Ta haɗa ɗan samfurin sabon gidan da kwali, mai kyan gaske: shaguna a gaba, ɗakunan haya a sama, ɗakin Fatu a ƙasa kusa da famfo don kada ta sha tafiya. Tsakar gida ma ba ta cinye ta ba. Matakalar bene kuwa ta sa ta a lungun da ta ga ba a amfani da shi, wato bayan ɗakin kakarta, da ɗan sito a ƙarƙashi.

Da a kwali abin ya tsaya, da ba komai. Sai damina ta kayar da katangar gabas, Modibbo ya dubi aikin 'yarsa ya ce me ake jira, ga gida an riga an zana. Aka kawo kwalin gaban Fatu. Ta sa yatsa a kan matakalar ta tambayi ina ne nan, aka gaya mata. Ta ce ba za a iya matsawa da ita ba? Modibbo ya ce, "Dada, don lalle? Zan sayo miki goma." Maganar ta zo mata har baki, sai ta ga ɗanta ne a gabanta, ga jika a gefe, ta ya za ta fara? Ta haɗiye, ta ce Allah ya sa alheri.

Zinariya ta cika alkawari yadda ta fahimce shi. Da hannunta ta tono lallen da saiwarsa ta sa a bokiti, ta kai wa kakarta gidan maƙwabta inda aka ba ta ɗaki kafin a gama aiki. Fatu ta karɓa ta gode. Amma kullum sai ta dogara sanda ta zo bakin ginin ta tsaya. Ranar da ake haƙa harsashi ba ta ci abinci ba, sai da ta ga ramin ya bi ta gefe ya bar wurin. Leburori suka ɗauka tsohuwa ce mai son sa ido, suna ce mata shugabar aiki. Tana kallo aka jera bulo, aka zuba matakala, ta rufe sararin samaniyar wurin.

Ranar da za a yi daɓen ƙarƙashin matakalar, an kwaɓa siminti, birkila ya ɗauko cokalinsa, sai Fatu ta shiga ta zauna a ƙasa a daidai wurin. Aka yi ta lallashi, ta ƙi tashi. Aka kira Zinariya. Ta durƙusa ta ce, "Kaka, ba ki da lafiya ne?"

Fatu ba ta dube ta ba. Ta dafa ƙasa ta ce a hankali, "Akwai mutum a nan."

"Wane mutum?"

"Wan ubanki."

Zinariya ta zauna dirshan. Ta ɗaga kai ta dubi simintin da ke samansu, ya riga ya bushe, benen duk ta nan ake hawa. Tana hawaye ta ce da ta sani, layi ɗaya ne za ta ja a takarda. Fatu ta ce ba laifinta ba ne, ai ta tambaya, ba a gaya mata ba ne. Da yarinyar ta nemi jin sunansa, tsohuwar ta ja mayafi ta rufe baki.

Ba a iya rushe matakalar ba. Abin da aka iya yi shi ne, aka fasa siton, aka bar wurin ƙasa ba daɓe. Fatu ta mayar da lallen, amma rana ba ta shiga, ganyen ya yi rawaya ya zube. Ba ta daina sharar safe da yayyafa ruwa ba. 'Yan haya suna hawa suna sauka a kansa da takalma, ita kuwa takan ce musu su taka a hankali, ba ta faɗin dalili.

Damina biyu ta yi a sabon ɗakin, kusa da famfo, kafin Allah ya karɓe ta. Har ta tafi ba wanda ya ji sunan daga bakinta. Wani mai shago ya nemi a ba shi lungun ya ajiye janareta, Modibbo ya ce a'a. Shi ke share wurin yanzu idan ya dawo daga sallar asuba, ga furfura ta cika masa gemu. In ya gama yakan tsaya ya yi addu'a, kuma da yake bai san sunan ba, sai ya ce Yaya.